Makullin Kabad ɗin Barista Yohanna

Shekara tara ke nan da muka binne yayana, Barista Yohanna, kuma har yau in na shiga kasuwar Kafanchan sai wani ya ja ni gefe ya tambaye ni ina dukiyarsa ta shige. Ban ga laifinsu ba, ni na fara yin tambayar.

Shari'ar aure ce aikinsa: rabuwa, mayar da sadaki, wa zai riƙe yara. Kullum bencin ƙofar ofishinsa cike yake da mutanen Kachia da Zangon Kataf. Ni malamin makaranta ne, in na wuce sai in ce a raina lallai Yaya ya haye. Amma motarsa sai an tura, kwanon gidansa kuma yoyo yake. Da ya rasu aka tarar banki wayam, sai muka sa wa matarsa Rifkatu ido. Ni na tara dangi, ni na ce ta kawo makullin kabad ɗin ƙarfen da ke ɗakinsa, don na sakankance takardun filaye ne a ciki. Tana zaman makoki ta kwance shi daga bakin zane ta miƙo mini.

"Baban Talatu, buɗe da hannunka," in ji ta. "Abin da ka samu naka ne."

Fayil-fayil ne ɗaure da igiya, ba wanda ya taɓa shiga kotu. A bangon kowanne ya rubuta: bayan citta. Rifkatu ce ta warware mana. Duk wanda ya zo da damina yana so a raba aurensa, sai Yaya ya saurare shi tsaf, ya ce ya je ya dawo in an haƙe citta an sayar. A ganinsa yawancin faɗan nan na rumbun da ya yi ƙasa ne. Kuma ba ya karɓar ko sisi sai ranar shigar da ƙara. Yawancinsu ba su dawo ba.

Yanzu ina ganin samarin lauyoyi da manyan motoci, wai kafin ka zauna ma sai ka biya kuɗin ganawa. Ban san abin da suke samu ba, na dai lura ba wanda suke ce wa ya je ya dawo. Da Yaya na nan da ya ja musu tsaki. Shi ma fa ban wanke shi sarai ba. Cikin matan da ya mayar gida, wa ya sani ko akwai wadda duka ta gudo wa, ba yunwa ba? Rifkatu ta ce irin waɗannan a ranar yake shigar musu da ƙara. Na so in yarda, amma halina ne, ba na saurin yarda.

Halin nan ne ya ci ni. Sati biyu da buɗe kabad, Rifkatu ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Nok, ba faɗa ba zagi. Na bi ta cike da kunya, na roƙe ta ta dawo ɗakinta. Ta dama mini kunu, ta tambayi iyalina, ta rako ni har inda 'yan acaɓa ke tsayawa, sannan ta ce in bari sai bayan citta.

An haƙe citta sau tara. Abin da Yaya ya bari yana gidajen mutane, ma'auratan da ke tafiya coci tare, wasunsu ko jana'izarsa ba su zo ba. Gidansa kuwa a kulle yake, makullin kabad na nan a aljihuna.