Bokiti Biyu na Baffa

Duk sanda na ji ƙamshin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, nakan tuna shekarar da aka jefa ƙuri'ar mai da Kamaru dunƙulalliyar ƙasa. A daminar nan ƙafar kakanmu ta kumbura, likita a Garwa ya ce a riƙa tsoma ta cikin ruwan ganye mai zafin digiri arba'in.

Mahaifiyata ke jinyarsa, da gwiwar hannu take gwada ruwa. Baffana, ƙanin mahaifinmu, akawu mai awon auduga a kamfani, ya ce wannan aikin jahilci ne. Ya sayo ma'aunin zafi na gilashi, ya ƙwace jinyar, ya hana ta shiga ɗakin tsoho.

Ya ɗebo bokiti biyu daga randa, kowanne ya nuna ashirin. Ya juye su a baho ɗaya, ya ce ashirin da ashirin arba'in ke nan.

"Akawu, ruwan nan sanyi ƙarara," in ji mahaifiyata daga bakin ƙofa.

"Matar yaya, ke da ko alif ba ki sani ba? Koma madafa!"

Ya sake tsoma gilashin, ashirin dai. Ya ce abin ya lalace ne. Kwana uku tsoho na rawar sanyi, ƙafa na ƙara hawa, ya yi shiru don kada ya kunyata ɗansa. Rana ta huɗu ya janye ƙafarsa.

"Kai, kilo yawan abu yake faɗa, shi ya sa buhu kan buhu yake ƙaruwa. Gilashinka halin ruwa yake faɗa. Ka zuba sanyi kan sanyi, ka sami sanyi mai yawa. Kira mini surukata."

Baffa ya kira ta, amma bai ba ta haƙuri ba. Shekara tara ba ya cin tuwonta, ita ma ko gaisuwar Sallah ba ta amsa masa.

Ranar da Allah Ya karɓi ran kaka, baffa ne zai yi masa wanka. Ya zo ƙofar madafa, kansa a ƙasa.

"Yaya, ki haɗa mana ruwan. Ni ban iya ba."

Ta sauke tukunya, ta haɗa ruwan.

Yau jikokina a waya suke karanta zafin gari, in na ba su labarin nan su yi ta dariya. Ni ba na dariya. Na ga abin da ya ci a gidanmu. Allah Ya jiƙan su duka ukun.