Baƙin Sikoc a Kan Jar Fitila

Sama da shekara talatin mahaifina ya yi yana tuƙa wa Alhaji mota a Garoua, bai taɓa kashe masa ko ɗaya ba. A tasha, in sabon direba ya sa giya ta yi ƙara, sai a ce ya je ya zauna kusa da Baba ya koyi hannu. Bai tara shanu ba, bai tara filaye ba. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara, kuma a gabana aka ƙwace shi, ina zaune da bakina.

Alhaji ɗan'uwan Baba ne na nesa, ni kuma ɗansa nake aure. To maigidan nawa ne ya je Douala ya dawo da wata ƙatuwar fikof fara, mai turbo, giyarta otomatik. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa wani mai kwamfuta ya taɓa mata ƙwaƙwalwa don inji ya ƙara ƙarfi. Mako guda ya yi yana ba mutane labarin dawakan da ke cikinta, kai ka ce shi ya yi kiwonsu. Ba wanda ya tambaya ko buwat, wato akwatin giya, za ta iya da wannan ƙarfin.

Baba ya zagaya motar, ya shiga, ya lalubi kuloci da ƙafar hagu bai samu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan ba ta shawara da direba."

A lokacin hanyar Kousseri ta lalace da tashin hankali, Alhaji ya juya harkarsa kudu, masara da gyaɗa tsakanin Ngong da Rey Bouba. Motar Alhaji kuwa motar dangi ce. Wannan ya kawo buhunan gishiri, wancan kwanon rufi, wata inna ta kawo keken ɗinki, kuma ba a cewa a'a. Ga kaya, ga yashi, ga rana. Sai wata jar fitila ta riƙa kamawa a gaban direba. Baba bai yi boko ba, amma ya je garaj ya tambaya, aka ce masa man buwat ne ke yin zafi. Tun daga nan, da ta kama sai ya gangara gindin bishiya ya jira ta mutu.

Jiran nan ne ya tsone wa maigidana ido. Ya fara faɗa a gida wai tsoho barci yake yi a hanya. Ranar da zan je suna a Rey Bouba ya ce shi ma zai bi mu, ya gani da idonsa.

Mun bar kwalta bayan Ngong, fitila ta kama, Baba ya tsaya. Muka tashi, ba mu yi nisa ba ta sake kamawa.

"Baba, fitilar nan ƙarya take yi," in ji maigidana. "A Douala an gaya mini. Mu je kawai."

"Alhaji ƙarami, ina jin ƙauri."

"Ƙaurin daji ne, ana ƙona gona."

Ya buɗe aljihun mota, ya ciro baƙin sikoc irin na naɗe waya, ya yanka da haƙori, ya manna a kan fitilar. Har da shafawa da babban yatsa don ya kama sosai.

"Shi ke nan, ta mutu," ya ce, yana dariya.

Baba ya kalle ni ta madubi. Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana shi kashe mota ya fita. Ɗan ubangidansa ne, kuma mijin 'yarsa ta fari, ga 'yar a zaune a baya. A wurinmu suruki ba ya sa-in-sa da mijin 'yarsa a gabanta. Kunyar nan da muke alfahari da ita, ita ta taka totur ranar.

A tsakiyar wani busasshen mayo, wato kogi, motar ta tsaya. Inji na ruri, ƙafafu ko motsi. Wari ya cika mu kamar an manta tukunya a kan wuta. Mutanen ƙauye suka taru suna cewa a tura ta ta tashi, kamar yadda aka saba, Baba ya ce su bar wahalar da kansu. Kafin tarakta ta zo ta ja mu, na ga maigidana ya ɓare sikoc ɗin, ya murƙushe, ya tura cikin yashi da takalmi.

Bayan kwana biyu Alhaji ya tara mu a falonsa. Maigidana ya ce tsoho bai iya motar zamani ba, ya yi ta danna ta a yashi har ta ƙone. Baba na zaune a ƙasa, kansa a sunkuye. Sai Alhaji ya juyo gare ni.

"Ke kina ciki. Me kika gani?"

Na tuna 'ya'yana uku da ɗakina. Na ce, "Ina baya, Alhaji, ban ga gaba ba."

Baba ya ajiye makulli a kan darduma, ya yi godiya, ya fita. Godiya fa!

Da la'asar na same shi a gida, na ce zan koma in faɗi gaskiya. Ya ce, "Uwata, kin yi daidai. Zauna a gidanki." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bai ƙara taka tasha ba har ya rasu.

Shekaru bayan nan ina cikin bas zuwa Ngong, sai na ji direba yana ba na kusa da shi labarin wani tsohon direban Alhazai da ya ƙona otomatik sabuwa fil saboda jahilci. Suna ta dariya. Na miƙe har kaina ya bugi rufi, na ce ubana ne, na faɗi komai, fitilar, sikoc ɗin, wanda ya manna, da wadda ta gani ta yi shiru. Ina yi, mutane na kallona.

Direban ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Hajiya." Ya ƙara sautin rediyo.