Rilifar Baba Bitrus

Duk wanda ya ce bai san Scholastica ba a kudancin Kaduna, to ko dai kurma ne, ko kuwa jiya ya sauka a tasha. A unguwar Nasarawa aka haife ta, kuma dangi sun rantse ranar da ta tsala kukan farko sai da wata akuya ta yi ɓari a Rido. Makaranta kam ta yi, har aji huɗu, inda ita da lissafi suka rabu baram-baram. Daga nan ta kafa tukunya a ƙofar wata masaƙa a Kakuri. Shekara goma sha tara tana sayar wa ma'aikata shinkafa da wake, zagi kuma kyauta, shi ne gyara. Sikola suke ce mata, don cikakken sunan ya fi ƙarfin mai jin yunwa.

Sojoji suka koma bariki, farar hula suka hau, kowa na murna. Ba a jima ba masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sikola ta wayi gari da tukunya fal, ƙofa ba kowa sai ƙadangaru. Fada ya ji tausayinta, ko kuma ya gaji da ƙorafinta a bakin coci, ya sama mata aikin girki a wani ɗan gidan kula da tsofaffi da matan zumunta suka buɗe a Mahuta.

Gado takwas ne a gidan. Akwai waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, akwai mai rawar hannu wanda in ka miƙa masa shayi rabin kofin na rigarka ne, akwai masu cutar mantuwa. Nas Irene ke da magani da awon jini da motsa musu gaɓoɓi. Sikola ke da ludayi. Kowa da iyakarsa.

Ana nan aka kawo Baba Bitrus, mai cutar mantuwa. Ɗansa Sylvanus, akawu a wata ma'aikata, shi ya kawo shi yana sunne kai, don dangi sun fara cewa zai jefar da ubansa. Sau uku tsohon na ɓacewa daga gidansu a Rido, na ƙarshe a tsakiyar layin tankokin mai aka tsinto shi. Tun daga ranar suke garƙame shi a ɗaki da kwaɗo, yana wuni yana dukan ƙofa.

A Mahuta ba kwaɗo, sai dai Baba ya ƙi abinci. Da gari ya waye zai tsaya a taga, yatsunsa na bin ƙarafan, ya matsa dama, ya matsa hagu. A kawo kwano, ko kallo.

"Ina Rilifa? Ba ni motsawa sai na ga Rilifa."

To fa. Dattijon coci, shekara arba'in da marigayiya matarsa ba a taɓa jin kansu ba, yau ga shi yana kiran wata Rilifa safe da rana. Matan zumunta suka raba aiki. Wata ta ce ta san wata Rilifa a Kafanchan, fara, mai wushirya. Wata ta ce ai tun a jana'iza ta lura da wata mai kuka fiye da kima. Sylvanus ya zazzage akwatin ubansa yana neman hoto.

Kwana huɗu ba abin da ya shiga cikin Baba sai kurɓin kunu da Irene ke yi masa dabara, wandonsa har ya fara zamewa. Ranar Asabar Sylvanus ya zo da kwat ɗinsa, ya haɗa kayan tsohon a jaka, ya ce in yunwa ce za ta kashe shi, gara ta kashe shi a gida. Irene na roƙo, don ta san gida na nufin kwaɗo.

Ita Sikola ba wanda ya gaya mata komai, ana tsoron labarin ya kai Zariya kafin azahar. Abin da ta sani kawai, kwano na dawo mata a cike, abin da ba a taɓa yi mata ba tun da ta fara hura wuta. Ta faɗo ɗakin da ludayi a hannu.

"Wane ne mai dawo mini da fate kamar na barbaɗa masa guba?"

"Mama Sikola, a hankali," in ji Irene cikin raɗa. "Budurwarsa yake jira. Wai Rilifa."

Sikola ta dubi yatsun tsohon a kan ƙarafa. Ta dubi yadda yake taka dama da hagu. Sai ta saki wata dariya da ta tashi tsofaffi biyu daga gyangyaɗi.

"Ke da takardunki! Kai da kwat ɗinka! Ɗana, ina ubanka ya yi aiki?"

"Masaƙa, Mama. Shekara talatin."

"Shi ne kuke nema masa mai wushirya? A masaƙa inji ba ya tsayawa. Ko hanjinka zai tsinke, ba ka barin wurinka sai mai canjinka ya zo ya karɓa. Shi ne rilifa! Sau nawa suna kwarmo mini ta katanga, 'Sikola, ajiye mini ƙanzo, rilifa bai zo ba!'"

Ta ɗaure zane, ta dafa kafaɗar tsohon, ta kwatsa masa a kunne yadda ake magana cikin ƙarar injuna: "Na zo! Je ka ci!"

Baba ya ƙare mata kallo daga ɗankwali har silifas. "Kin makara. Sai na gaya wa helma, shugaban aiki." Ya nuna ƙarfe na uku. "Ki lura da wannan, zarensa na tsinkewa."

Ya je ya wanke hannu, ya zauna, ya share kwanon faten tas, ya miƙa a ƙara.

Sikola ta saci jiki za ta koma kicin. Baba bai ko ɗaga kai ba ya daka tsawa da baki cike: "Inji!" Ta dawo da gudu ta kama ƙarafa, tana ambaton sunayen waliyyai ƙasa-ƙasa. Can ta shaƙi ƙauri.

"Ɗana, wakena na ƙonewa. Cire kwat ɗin nan, zo ka karɓe ni."

Sylvanus ya tuɓe, ya tsaya a taga yana lalubar ƙarafa kamar mai tsoron su cije shi. Baba ya leƙo shi ta saman cokali.

"Wannan sabon ɗauka ne? Hannu kamar na akawu." Ya haɗiye. "Kada ka ji tsoro, yaro. Bari in gama in nuna maka."

Sylvanus bai juyo ba. Ya daɗe yana kallon waje, yana jan hanci, wai ƙaurin wake ne.

"Nas," ya ce, "a mayar da kayansa durowa. Gobe ƙarfe nawa ake canji?"