Maɓalli a Hannun Hagu

Mai gyaran kwamfuta tana kallon dattijon da ke tsaye gaban teburinta, rungume da tsohuwar kwamfuta kamar jariri, tabaransa ɗaure da zare. Manhajar ƙera manhajoji yake nema, mai araha, wadda za ta sake gina manhajar shagonsa da ta daina buɗewa.

Ta nuna masa wata ta kyauta, shafukanta tas-tas a kan allo. Ya girgiza kai.

"'Yata, za ta bar maɓallin ajiyewa a hagu? Ni bahago ne. Ɗana ne ya sa min shi can."

"To ya zo mana, Baba, ai ya fi ni sanin aikinsa."

"Allah ya yi masa rasuwa," in ji dattijon. Yatsansa na ta shafar gefen hagu na baƙin allon, daidai inda maɓallin yake a da.