Ranar da Farantin Goggo Ya Cika

Goggona ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a asibiti. Aikinta renon ƙwayoyin da ke haifar da jini, waɗanda ake samu a cibiyar jarirai. Ɗan abin da ake samu ba ya isar babban mutum, shi ya sa take ƙoƙarin ninka su cikin faranti, a akwati mai ɗumi kamar jikin mutum.

Ta daɗe tana shan kaye. Yau su mutu, gobe su ƙi ƙaruwa. Mijinta kan tsokane ta, "Yaya 'ya'yan naki marasa kuka?"

Wata safiya ta leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai ta ga farantin ya cika maƙil. Ta ruga ofishin likita, ko safar hannu ba ta cire ba.

"Likita, taso ka gani, kada ka ce idona ne."

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Hajiya, waɗannan za su ishi direban nan da ke jiran a dasa masa su."

Ranar da aka sallami direban, Goggo ta tsaya a taga tana ta ɗaga masa hannu, baki har kunne. Bai san ta ba, amma ya ɗago mata.