Mu Ne a Bakin Ruwa, Ladi Tana Ƙarshen Kwata

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifina, kuma ba yabonsa na zo yi ba. Masu yabo sun yi, sun ci sadaka, sun tafi.

Gonarmu ta noman rani tana gefen Kura, ita ce ta farko da ruwa ke shiga idan an buɗe ƙofar madatsa. Kwatar ban ruwan tana wucewa ta gonakin mutane har ta ƙare a gonar Ladi, wata bazawara 'yar Filato da ke hayar fili tana albasa. Kowa ya san wanda ke bakin ruwa ba ya rasa ruwa. Na ƙarshe ne ke jira.

Baba kafin a fara ban ruwa yakan kira gayya. A shiga kwata a yanke ciyawar kachala, a kwashe ledar fiya wata da robobin lemo da suka toshe kwalbati. Shi da ba ya buƙata, shi ke fara naɗe wando. Na taɓa ce masa, “Baba, ai ruwanmu yana zuwa.” Ya ce, “Naki ya zo. Je ki leƙa na Ladi ki dawo ki ba ni labari.”

Kwanan nan na ji a rediyo wai ƙasashen bakin teku suna haɗa kai, suna duba ciyawar ruwa da sharar da ke yawo a teku daga sama da tauraron ɗan'adam, wannan ƙasa ta gani ta faɗa wa waccan kafin abin ya iso gaɓarta. Mutanen da ba yare ɗaya ba, ba addini ɗaya ba. Da Baba yana nan zai ƙara muryar rediyon, ya sa kowa ya yi shiru. Sannan ya tambaye mu yaushe rabon da a yi gayya.

Tun shekarar da ya rasu ba a sake yi ba. Yaya Sale ne ke riƙe da gonar yanzu, tumatirinsa kore shar. Ni kuma zoɓo nake ƙullawa a leda ina kai wa ma'aikatan gona, kuma na san inda ledar ke zuwa, ba sai an haska mini daga sama ba.

Makon jiya na yi wa Yaya magana. Ya ce, “Hajiyar tsafta, ke da kike cika kwatar da leda?” Bai kuwa yi ƙarya ba.

Ladi ta zo gidanmu ranar addu'ar tunawa da Baba da ɗan kwanon albasa, ƙanana kamar goro. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce Allah Ya jiƙan Malam. Ba ta yi maganar ruwa ba. Inna ce ta tambaye ta gona, Ladi ta ce idan bana ma ruwa bai kai mata ba, za ta mayar wa mai fili filinsa ta koma gida.

Mun gaji gonar Baba, mun gaji wurinsa a bakin ruwa, har ana ce wa Yaya ya ɗauko tafiyarsa. Abin da ya sa mutane ke masa addu'a ne ba wanda ya ɗauka a cikinmu. Allah Ya gafarta masa. Albasar da Ladi ta kawo tana nan a madafa, Inna ta kasa sa ta a miya.