Wanzamin da Na Kai Dapango

Sokode zuwa Mango

Mun bar unguwarmu Didawure a Sokode bayan sallar asuba, a bayan kamyo, babbar mota mai ɗauke da gishiri, ni da Wanzam Bawa. Saƙo ne ya zo cewa 'yata Rakiya, da ke aure a Dapango, ta haifi bakwaini, namiji. Na rantse jikana na fari ba mai aske shi ko cire masa beli sai wanzamin gidanmu. Na biya masa kuɗin mota, ni da ake cewa ko ruɓaɓɓen goro ba na kyauta da shi.

A hawan dutsen Bafilo mota ta shiɗe, muka sauka turi. Wanzam ya ce hannun aska ba ya tura ƙarfe, ya bi mu a baya yana ba da shawara. A Lama-Kara ma'aikatan lafiya masu binciken ciwon barci suka lalube wuyan kowa, suka sallame mu. Muka kwana Kande, Wanzam ya ci sakwara da kaza, na ci tawa da miya zalla. Washegari muka haye kogin Oti a jirgin fito, ya ga kifin Mango, nan ma aljihuna ya ji jiki.

Dapango

Surukina Idi, mai fataucin shanu, bai kai mu gida ba, asibiti ya nufa da mu. Na tarar da yaron a naɗe cikin auduga, an jera masa kwalaben ruwan ɗumi. Duka bai cika tafuna biyu ba.

Likitan Bafaranshe ne, tafintansa ɗan ƙabilar Moba. Ya ce ya daɗe yana bin diddigin jariran da ake kawo masa cibiya ko maƙogwaro a kumbure, yawancinsu kuma bayan aska ta taɓa su ne. Bakwaini, in ji shi, jikinsa ba ya iya faɗa da ƙwayar cuta. Ya sa na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu in ga abin da ke cikin mugunya. Ban gane komai ba, amma na gyaɗa kai kamar mai duba kaya.

"Maigida, in ba a cire belin nan ba, shi zai shaƙe shi," in ji Wanzam. "'Ya'yanka wa ya yi musu?"

"Baba, kai ne babba," Rakiya ta ce, idonta a ƙasa. "Abin da ka ce, shi za a yi."

A gado na kusa akwai wata Bafilatana da jaririnta. An cire masa beli, wuya ya kumbura, ya kasa kama nono. Tana ɗiga masa da cokali yana zubowa. Na dubi wancan, na dubi namu.

"Wanzam, mai da askarka zabira."

"To ni me ya kawo ni?"

"Kaza da kifi."

Ranar suna aka raɗa masa Haruna a gadon asibiti, aka yanka rago a gida. Tsofaffi suka fara gunaguni, wai suna ba aski. Wanzam ya ce ba zai koma Sokode a ce ya je ya dawo bai jiƙa aska ba. Sai na cire hula na zauna a tabarma. Ya aske ni tas a gaban jama'a, mata na guɗa, ya ɗan yanke ni bayan kunne, na san kuma da gangan ne. Ya karɓi tukuicinsa cif. Da la'asar ni ne a layin asibiti ana shafa mini jan magani, tafinta na tambayar watanni nawa na yi a ciki.

Komawa

Ban bar Dapango ba sai da na ga Haruna ya cafki nono har uwarsa ta ce wash. Muka biyo motar gyaɗa, muka iso Sokode lafiya. Uwargida ta tambaya ko an yi aski, na cire mata hula.

Na gode wa Allah, da likitan da tafintansa, da Idi da ya sauke mu. Bafilatanar nan ban ji ƙarshen labarinta ba, ina sa ɗanta a addu'a.